Ɗa Na Kowa Ne

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Magana ce mai sauƙin faɗa, amma ya kamata mu lura da lokacin da muka fi tunawa da ita. Sau da yawa sai yaro ya yi ƙiriniya, ko jariri ya tsala kuka ana tsakiyar wa'azi, sa'an nan kowa yakan tuna yana da ta cewa a kansa. A daren da zazzaɓi ya hana shi barci kuwa, uwarsa ce kaɗai a farke. To, wannan magana iko take ba mu a kan ɗan maƙwabci, ko kuwa nauyi take ɗora mana?

Sura ta 4 ta littafin Rut tana da amsa. Rut baƙuwa ce daga Mowab, ba ta da uwa ko 'yar'uwa a Baitalami. Da ta haihu, Na'omi ta rungumi jaririn, ta zama mai renonsa, alhali ba jikanta na jini ba ne. Matan unguwa suka yabi Ubangiji tare da ita, su ne ma suka raɗa masa suna Obida. Yaron nan shi ne kakan Dawuda. Matan ba su san abin da zai zama ba. Sun dai ga baƙuwa da goyo, suka matso kusa.

Iyayenmu sun san wannan hikima. Mai haihuwar fari takan koma gidansu wankan jego har kwana arba'in. Wata ta dafa ruwa, wata ta dama kunu, wata ta karɓi jariri don mai jego ta runtsa. Yau kuwa ma'aurata da yawa suna zaman haya a ɗaki guda a Kaduna, ko Jos, ko Mararaba, nesa da kaka da gwaggo. Waɗansu neman abinci ya kawo su, waɗansu rikici ya raba su da ƙauyukansu. Miji ya fita da asuba, mata ta wuni ita da kukan jariri. A cikin irin wannan kaɗaici ne baƙin cikin bayan haihuwa yakan yi tsanani. Ciwo ne da ke bukatar kulawa, kada mu kira shi rashin bangaskiya.

Saboda haka ikilisiya ce gidan kaka ga wadda ba ta da kaka a kusa. Ranar suna gida yakan cika, kashegari sai a watse. Zumuntar Mata tana iya raba kwanaki arba'in ɗin a tsakaninta, kowace rana a sami mai kai abinci ko yin wanki. Ma'aikatan lafiya suna koyar da a ba jariri nono zalla har wata 6, amma uwar da ba ta ƙoshi ba, ba ta kuma huta ba, da wuya ta jure. Allurar rigakafi kyauta ce a asibitocin gwamnati: da haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da kuma wata 9. Abin da kan hana zuwa shi ne kuɗin mota, ko rashin wanda za a bar wa manyan yara. Wannan bai fi ƙarfin maƙwabci ba. Dattawa maza kuma su nuna wa sabon uba cewa riƙe ɗansa da dare ba ya rage masa girma.

Wani zai ce wannan shisshigi ne, kowa ya ji da gidansa. Akwai gaskiya a tsoronsa, gama taimakon da ke zuwa da gori ko tsegumi ya fi rashinsa ciwo. Maganin shi ne mu gyara yadda muke shiga. Mu tambayi bukata kafin mu ba da shawara. Abin da ido ya gani a ɗakin mai jego ya tsaya a can. Kada kuma mu zaɓi wadda ta cancanta: yarinyar da ta haihu ba aure, da maƙwabciyar da ba ta bin addininmu, jariransu ma yunwa ɗaya suke ji. Wanda ya ɗauki nauyin yaro, shi ne iyaye za su saurara wa ranar da tsawatarwa ta zama dole.

A Markus sura ta 10, da aka kawo wa Yesu yara, almajiransa sun tsauta wa masu kawo su. Yesu ya ji haushi, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Har yau iyaye suna kawo 'ya'yansu ƙofar ikilisiya da gajiya a fuskokinsu. A wannan mako, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka san gida ɗaya mai ƙaramin yaro. Je ka gaishe su, ka tambayi abin da za ka ɗauke musu.

Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga iyayen da suka gaji a tsakaninmu. Ka ba mu hannun taimako da bakin da ke rufa asiri. A cikin sunan Yesu, amin.