Hattara da yaye likitan da bai san mutane ba

Wata mummunar ɗabi'a tana yaɗuwa a makarantun koyon likitanci. Ɗalibi zai shekara 6 yana haddace jijiyoyi da ƙwayoyin cuta, amma darasin ɗa'a, tarihi, harshe da zamantakewa sai a ɗauke shi cikon benci, a karanta daren jarrabawa a manta da safe. Sakamakon yana nan a asibitocinmu: likita ya sunkuyar da kai yana rubutu, bai amsa sallama ba, dattijuwa sa'ar kakarsa ta koma "gado na shida". Kunya ta hana ta faɗin inda ke ciwo, ya daka mata tsawa, ta koma gida ta nemi mai saiwoyi. An manta cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wanda ya raina wannan ilimi ya dubi Zariya. A shekarun 1970 likitoci suka lura ciwon zuciya yana yawan kama masu jego. Sai da suka san wankan jego, kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa da shan kunun kanwa, sannan suka fahimci abin da ke ɗora wa zuciyar nauyi. Littafin Turai bai koya musu wannan ba.

Ya kuma dubi Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200. Guda 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo na cikin dalilan ƙin rigakafin shan inna a 2003, har cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Da aka zauna da sarakuna da malamai aka saurare su, sai jama'a suka buɗe ƙofa.

Don haka muna gargaɗin hukumar kula da aikin likitanci ta MDCN da shugabannin tsangayoyin likitanci: ku mai da waɗannan darussa wajibi, ku jarraba ɗalibi a gaban majinyaci, cikin harshen da majinyacin ke ji. Wanda ba ya iya neman izinin tiyata da bayani mai gamsarwa bai isa a ba shi lasisi ba.

Ku kuma ɗalibai, ku ji tsoron Allah. Ran mutum amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta.