Adalcin Malami Ga Makaho Da Kurma

Ga wata tambaya, ya mai karatu, wadda ta isa a tsaya a auna. Malami ne a makarantar ƙauye a ƙasar Daura, ko ta wajen Zango ko Sandamu, ajinsa maƙil da yara. A cikinsu akwai makaho, akwai kurma. In ya tsaya wa waɗannan biyu, sauran su yi ta jira. In ya bi sauran, su biyun su koma gida hannu wofi. To, ina adalci ya ke?

Wahalar malamin nan gaskiya ce. Ba a koya masa maganar hannu ba. Bai san rubutun makafi ba, watau ɗigo shida da a ke shafawa da yatsa, wanda Louis Braille, mutumin Faransa, ya ƙago a 1824.

Waɗansu kan ce a kai irin yaran nan makarantunsu, kamar ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano. Madalla, amma talaka nawa ke da halin kai ɗansa can? Wanda bai samu ba, sau da yawa ƙoƙon bara ke jiransa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, har wajen ilmi. Amma doka ba ta riƙe alli, malami ke riƙewa.

A ganina, adalci shi ne irin na tela, wanda kan auna kowa kafin ya yanka. Alarammomi sun riga mu sanin haka. Makaho kan haddace Alƙur'ani da kunne, domin an sa wani almajiri ya riƙa biya masa. Mu tuna kuma Suratu Abasa ta sauka ne a kan sha'anin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho mai neman ilmi.

Saboda haka malami ya zaunar da su gaba. Abin da ya rubuta ya faɗe shi da baki. In zai yi magana ya fuskanci kurma. Ya haɗa kowannensu da abokin karatu. Wannan ba ya rage wa sauran yara kome, sai ma ya koya musu jinƙai. Hukuma kuwa, wajibi ne ta ba malamin horo da kayan aiki, kada ta ɗora masa kayan da ba ta ba shi gammonsu ba.

Allah ya ba mu ikon sauke amana, amin.