Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin da ke jiran maigida bayan damina. Zai zagaya katanga, inda ya ga tsaga ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya yaɓe. Ba ya ɓata yini yana jifan ƙadangaru, don ya san tsagar ce ta gayyato su.

A ikilisiya kuwa, da zarar rigima ta tashi sai mu ce Shaiɗan ya shigo. Gaskiya ne, amma ta ina? Yawanci ta wurin da ba a kula ba: lissafin baiko da aka daɗe ba a karanta wa jama'a ba, zaɓen dattawa da ya bi layin ƙabila, ko wata uwa a zumuntar mata da ta kwanta jinya babu wanda ya leƙa ta. Ƙananan abubuwa ne, shi ya sa ake jin nauyin faɗarsu har su yi tsami a ciki.

Ikilisiyar farko a Urushalima ma ta ga irin wannan tsaga, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Abin da ke burge ni shi ne manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafin ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Ga alama ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa ludayin. Wannan shi ne yaɓe na gari.

A nan gida, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta soma a Garkida a 1923, ta haɗa Bura da Margi da Kamwe da sauransu cikin sujada ɗaya. A 2014 Boko Haram ta ƙona majami'unta masu yawa, ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Gine-gine sun rushe, 'yan'uwa sun watsu, amma duk inda suka sauka sun nemi juna sun ci gaba da sujada.

Suna da wata al'ada da nake yawan tunawa: wankin ƙafa a bikin ƙauna, kafin Jibin Ubangiji. Da wuya mutum ya durƙusa da kwano da tawul gaban wanda suka yi wata uku ba sa ga maciji, bai fara zuwa gidansa ya ce, "Ɗan'uwa, akwai magana tsakaninmu" ba.