Nasiha: Jiki Amanar Allah Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi, ku ji tsoron Allah game da abin da kuke ci. Aya ta 31 cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Tirmizi kuwa ya kasa ciki uku: abinci, ruwa, numfashi.

Ƙiba ba shaidar wadata ba ce. Tana jawo ciwon sukari da hawan jini, har ruku'u da sujada su gagari mutum.

Magidanta, ku koma ga tukunyar gida: tuwon hatsi, wake, zogale, miyar kuka. A rage mai, gishiri, sukarin shayi da lemun kwalba. Wanda ya cinye kuɗin cefane wajen mai tsire ya cuci jikinsa, ya tauye haƙƙin iyalinsa.

Allah Ya ba mu lafiyar bauta Masa, amin.