Tsakanin Juma'a da Lahadi

Bahaushe yana da kalmomi da dama na jiran alheri. Akwai fata, akwai sa rai, akwai tsammani, wanda in ya wuce kima ake ce masa na warabbuka. Amma Kiristocin da suke ibada da Hausa, daga Wusasa har Garkida, sun fi riƙe wata kalma dabam, wato bege. A bakin sauran Hausawa bege kewa ce mai ƙuna, irin ta masoyi ko ta sha'irin da ke begen Annabi. Mai bege ya san wanda yake bege, ganinsa ne kawai bai samu ba. Da wannan kalma Kirista yake sifanta abin da ya ɗora rayuwarsa a kai: Yesu Almasihu ya mutu ranar Juma'a, ya tashi ranar Lahadi, waɗanda suka ba da gaskiya gare shi kuma za su tashi. Abin tambaya shi ne, idan wahala ta kai maƙura, wannan bege tsayar da mutum yake yi a kan ƙafafunsa, ko kuwa lallashinsa yake yi ya kwanta?

Zargin ba sabo ba ne. Tun a 1844 Karl Marx ya kwatanta addini da ƙwayar da ake ba majiyyaci ya daina jin zafi alhali ciwon yana nan. Kuma bai kamata a yi saurin watsi da maganarsa ba, domin kowa ya san mai wa'azin da yake gaya wa mayunwata su yi haƙuri sai Lahira, shi kuwa tukunyarsa ba ta sauka daga murhu. A irin wannan baki, "haƙuri maganin zaman duniya" takan zama takunkumi.

Sai dai ba a auna igiya sai an rataya mata kaya. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta samo asali ne daga wata sujada da aka yi a gindin tsamiya a Garkida a 1923, kuma ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. A daren 14 ga Afrilu 2014 Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. Ranar Litinin ce ta makon da Kiristoci suke tunawa da shan wahalar Almasihu. Kwana shida bayan haka Ista ta zo, aka tsaya a gaban iyayen da ba su san inda 'ya'yansu suka kwana ba, ana shelar cewa an ci nasara a kan mutuwa. A watan Oktoba na wannan shekara hedikwatar ekklesiyar da ke Kwarhi, kusa da Mubi, ita ma ta faɗa hannun maharan, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos.

Da a ce begen nan maganin barci ne, da nan ne ya kamata a ga barcin. Abin da aka gani shi ne mutane sun koma Kwarhi, sun sake ɗora jinka a kan majami'un da aka ƙone, sun koma gona. A Gurku ta Jihar Nasarawa kuma aka kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda Kirista da Musulmi suke zaune gida kusa da gida.

A ganina dalilin yana cikin ainihin abin da koyarwar take faɗa, wanda masu sukarta sukan tsallake. Aflatun ya koyar da cewa rai ba ya mutuwa, jiki kuwa kurkuku ne da rai zai kuɓuta daga gare shi. Wanda ya yarda da wannan yana iya kallon gawar ɗansa ya ce riga ce kawai aka tuɓe. Kiristanci bai ba mabiyinsa wannan mafita ba. Jikin ne zai tashi. Shi ya sa da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina wasu daga cikin masu sauraronsa suka yi masa ba'a. A Linjilar Yohanna kuma, Almasihun da ya tashi yana ɗauke da gurbin ƙusoshi a hannuwansa, har ya nuna wa Toma. Tashin bai goge tabon ba. Idan haka ne, abin da aka yi wa jikin mutum, yunwa ce ko bulala ko fyaɗe, ba ya shiga sahun abubuwan da za a manta don an shiga Aljanna. Rubutacce ne, kuma za a yi shari'a a kansa. Ba mamaki ke nan da Bulus ya rufe dogon bayaninsa na tashin matattu, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, da umartar su su dage da aiki.

Akwai kuma batun ramuwa. Wanda ya ɗauka kabari ne ƙarshen zance, dole ya karɓi bashinsa a nan duniya, da hannunsa in ta kama. Wanda ya gaskata akwai Alƙali a gaba yana iya neman adalci a kotu da kan titi ba tare da ya koma kamar wanda ya zalunce shi ba. A nan maƙwabcinsa Musulmi ya fahimce shi sarai, tunda imani da Ranar Lahira yana cikin shikashikan imani shida. Sun rabu a kan gicciye, domin Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba. Bambancin da ya biyo baya shi ne Kirista yana ganin tashin ya riga ya soma da mutum ɗaya, saura su bi sahu.

Duk da haka akwai inda hujjata take ɗingishi, kuma Chibok ce ta nuna wurin. Tashin matattu amsa ce ga wanda ya binne nasa. Me take ce wa uwar da ba ta da gawa, ba ta kuma da 'ya? Fiye da shekara goma bayan wancan dare, da dama daga cikin 'yan matan ba su dawo ba, wasu iyayen kuma sun rasu suna jira. Ba za a yi musu ta'aziyya ba, ba za a yi musu barka ba. A labarin Ista akwai rana guda da ta yi kama da halinsu, ita ce Asabar, wadda Linjila ta kusan yin shiru a kanta: an rufe kabari da dutse, matan da suka bi shi daga Galili sun haɗa kayan ƙanshi na shafa wa gawa, suka ajiye saboda ranar hutu ce. Su kwana ɗaya suka yi a cikinta.