Mizanin Fifiko Tsakanin Finafinai

A majalisun Tudun Wadar Zariya, bayan sallar Isha'i, gardama takan kaure a kan wane fim ne mafifici, dattawa su riƙe Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka ɗauko a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, na bayansu kuwa su kafe a kan Turmin Danya na 1990, har a watse babu wanda ya sallama. Malaman munazara sun sharɗanta a daidaita kan mizani kafin a kawo hujja. To, a nan mizanin hikimar labari ce, ko tarbiyya, ko kuwa shauƙin zuciya? A ganina shauƙi haƙƙin mai shi ne, amma ba ya zama hujja a kan wani. Ɗan'uwa, faɗi mizaninka tukuna, sannan mu yi musu.