Wa Zai Gina wa Manomi Idan Kasuwa Ta Kwanta?

Idan kasuwar gidaje ta kwanta, masu jari kan ce a dakata sai ta farfaɗo. Ni kuwa ina ganin ba kowa ke da halin wannan jira ba. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti ya yi tashin gwauron zabo, har buhu ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. A bayan garin Funtua da Malumfashi sai ka ga gini ya kai linta ya tsaya, dillalin fuloti na zaune babu mai tayawa. A daidai lokacin kuma, mutanen ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suna yawon neman ɗaki guda na haya. Ciniki ne ya ragu, buƙata kam ƙaruwa ta yi.

Ƙasar nan tana da Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ya samu rancen mallakar gida. An ce mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. To amma tsarin biyan wata-wata ne, ana kuma neman takardar mallakar fili. Manomin masara da auduga ba shi da ƙarshen wata, kaka yake da ita. Filinsa na gado ne, shaidarsa mai unguwa da maƙwabta. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda da yawa ke gudu saboda addini.

Mai riƙe da asusu zai ce kuɗin amana ne na ma'aikata, damina kuwa takan ci amana. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ai da wannan daminar masu sayar da taki ke ba manomi bashi, su karɓa da kaka. In ɗan kasuwa ya iya auna wannan kasada saboda riba, me zai hana hukuma ta auna ta saboda rufin asirin jama'a?

A ganina lokacin da kasuwa ta kwanta ne ya fi dacewa hukuma ta saki kuɗi, domin magina na zaman kashe wando, masu fili kuma sun sassauta. A gina da jar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarmu, a taƙaita siminti ga harsashi da daɓe, a sayar wa ƙungiyoyin manoma a kan farashi tsayayye, su riƙa biya sau ɗaya a shekara bayan an kai amfani kasuwa.